Gaisuwa Ba Ta Biyan Bashi

Da na koma gida Matameye hutun ƙarshen shekara, na biya in gaida mushen da ya koya mini karatu a lakwal. Na same shi a zaure, takardu baje bisa tabarma. Ba nasa ba ne. Na abokan aikinsa ne da suka yi ritaya, da na matan waɗanda suka rasu. Shi ke tattara su, ya cike abin da ya ɓace, ya shiga mota zuwa Damagaram, wani lokaci har Yamai, yana bin sawun fanshonsu.

Na durƙusa na ce, "Malam, Allah ya saka da wannan taimako." Sai ya ɗago kai. "Ɗana, kai da ke karatun harshe, taimako ka kira shi?"

Tun ranar kalmar take cina. Mu Hausawa ba mu da ƙarancin ladabi ga tsoho. Muna cire takalmi, mu rusuna, mu ba shi inuwa. Amma duk wannan kyauta ce, mai bayarwa ke yanke yawanta, ran da ya ga dama ya daina. Fansho kuwa ba haka yake ba. Kuɗi ne da aka riƙa cirewa daga albashin mutum wata bayan wata, shekara talatin yana shan ƙurar alli. In ya je karɓa, ajiyarsa ya je ɗauka. To don me yake tsayawa gaban taga kamar mai bara, har ya yi godiya in an saurare shi?

A ajinmu mun ga cewa haƙƙi da alhaki kalma ɗaya ce ta Larabci da ta shigo Hausa sau biyu, ɗaya tsirara, ɗaya da "al" ɗinta manne. Abin ya burge ni ƙwarai. Abin da yake haƙƙi a hannun mai shi, shi ne alhaki a wuyan wanda ya riƙe. Kakanninmu ba su jira yarjejeniyar da Tarayyar Afirka ta amince da ita a Addis Ababa a 2016 kan haƙƙin tsofaffi ba kafin su san wannan.

Wani abokina ya musa mini. Ya ce tsohon malami ai gata gare shi. Kakarsa da ta ƙare ƙarfinta a gonar rake wa ya taɓa yanka mata ko dala? Gaskiyarsa, kuma ban iya ture ta ba. Ga kuma malaman kontiragi da suka cika azuzuwanmu, waɗanda ba a ɗauke su aikin dindindin ba, su ma tsufa na tafe. Sai dai ban ga yadda hana malam nasa zai ƙara wa kaka komai ba. In wanda ke da takarda da hatimi yana shan wannan wuya, ina ga wadda shaidarta kawai kantar hannu?

Na kai wa Malam wannan magana. Ya yi dariya, ya ce shi ma tana hana shi barci. Sannan ya miƙo mini takardun wata gwauruwa ya ce in duba masa, an rubuta sunan mijinta iri biyu, Mahamadou a nan, Mamadou a can, wata takwas ke nan ana dawo da su.