Fure Ya Halatta, Fuska Fa?

A Minna, daga Tunga har Chanchaga, yaron da Allah ya ba hannun zane yakan ji gargaɗi guda tun bai iya riƙon buroshi ba: zana fure, zana bishiya, amma ka kiyayi mai rai. Gargaɗin yana da tushe. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai cin abinci da zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, shi kuwa ya tsoratar da shi da azabar masu suranta mai rai, da ya ga jikinsa ya yi sanyi sai ya nuna masa itatuwa da duk abin da ba shi da ruhi. Masallacin Dimashƙa da halifa Walid ya gina a farkon ƙarni na 8 ma haka aka ƙawata shi, bishiyoyi da koguna da gidaje, babu mutum ko ɗaya. Zancen fure bai wuce nan ba.

Fuska ce ke da magana, kuma a ganina wanda ya zana ta da fentin mai a kan ƙyalle yana cikin mas'alar saɓani ne, ba haramcin da aka haɗu a kansa ba. Mazhabar Malikiyya, wadda da littattafanta ake karatu a zaurukan ƙasar nan, ta haramta sura ne idan ta tara sharuɗɗa: ta mai rai ce, gaɓoɓinta sun cika, kuma tana da inuwa, wato mutum-mutumi. Abin da yake shimfiɗe a bango ko takarda, iyakarsa karhanci. Suna kafa hujja da hadisin Abu Ɗalha da ya togace zanen jikin tufa, an kuma ruwaito sassauci daga Ƙasimu ɗan Muhammadu, jikan Sayyidina Abubakar, ɗaya daga malaman fiƙihu bakwai na Madina. Imam Nawawi bai yarda da wannan rarrabewa ba, ya haɗa mai inuwa da marar inuwa ya haramta. Maganarsa tana da nauyi, sai dai ba ita kaɗai ce a fage ba, ko da yake masu wa'azi da yawa haka suke kawo ta.

Za a ce ai illar ita ce kwaikwayon halittar Allah, kuma babu fentin da ya kai na mai wajen fito da tsokar kumatu da ƙyallin ido. To, furen halittar wa ce? Hadisin da ya ƙalubalanci masu gasa da Mahalicci har ƙwayar hatsi ya ambata, shi ya sa aka ruwaito Mujahid ya ƙi zanen itace mai 'ya'ya. Jama'ar malamai ba su bi shi ba. Da tsananin kama shi ne laifin, da mai zanen furen da har ƙudan zuma zai ruɗu ya fi kowa shiga uku. Ashe gasar tana cikin abin da zuciya ta raya, ba a gwanintar yatsa ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na toshe ƙofar shirka. Abdullahi ɗan Abbas ya bayyana cewa gumakan da aka ambata a Suratu Nuhu asalinsu mutanen kirki ne, aka yi musu surori don tunawa, da zamani ya ja aka koma bauta musu. Wannan tsoro gaskiya ne, amma yana nuni ga yadda ake ɗaukar hoto a zuci, ba ga abin da aka yi shi da shi ba. Hoton da ake ratayawa a wuya ko a shafa don neman tubarraki yau, kusan duk kyamara ce ta ɗauke shi, ita kuwa an daɗe da yi mata uzuri da cewa tsare inuwa kawai take yi. Naira ashirin kuma tana ɗauke da hoton Ladi Kwali, maginar tukwanen da ta yi aiki a Abujar da, wato Suleja, ta rasu a nan Minna a 1984, wadda ta saba ƙawata tukwanenta da ƙadangare da kifi da kunama. Da wannan takardar kuɗi a aljihu ake shiga sahun salla, ba wanda imaninsa ya girgiza.

Ba cewa ake an buɗe ƙofa duka ba. Zanen tsiraici haramun ne saboda tsiraicin, ko da hannu ko da na'ura. Wanda ya ƙi rataya hoto a ɗakinsa saboda hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto ya yi tsantseni, ba a zarginsa. Abin da ba shi da hurumi shi ne ya mayar da tsantseninsa hukunci a kan ɗalibin da ke son bin sawun Yusuf Grillo, Musulmin da ya yi karatun zane a Zariya, yana cikin ƙungiyar ɗaliban zane da aka kafa can a 1958, ya kuma yi suna da zanen mata da makaɗa cikin shuɗin fenti. Irin wannan ɗalibi, idan ya tambayi malamin zaure, haƙƙinsa ne a faɗa masa maganar Malikiyya yadda take, a faɗa masa ta Nawawi, sannan a bar shi ya zaɓa da ilimi.