Gadar Masu Ƙafa: Amana Ce a Wuyanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, duk wanda ya san Agege ko Oshodi a Legas ya san yadda jama'a ke tsallaka layin dogo da kaya a ka, ga gadar sama kusa da su. In ka yi magana sai a ce maka: "Malam, ai ajali ba ya wuce lokacinsa." Gaskiya ne, amma wannan ba tawakkali ba ne. Tawakkali yana tare da riƙon sababi, kuma a Suratul Baƙara, aya ta 195, an hana mu jefa kanmu cikin halaka.

Jirgin ƙasa ba mota ba ne. Ba shi da sitiyarin da zai kauce maka. Ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, ko direba ya taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Tun da aka ƙaddamar da layin Agbado zuwa Oyingbo a 2024, ga jiragen Legas zuwa Ibadan, zirga-zirga ta ƙaru a wannan hanya. Minti biyu na hawa matakala ya fi zaman makoki na kwana uku.

'Yan kasuwa, ku ji tsoron Allah. Manzon Allah (SAW) ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. To ina ga wanda ya baza hajarsa a bakin gada har tsoho da mai ciki suka haƙura suka bi ta kan layi?

Hukuma ma da nata. Ranar 29 ga Satumba 2017, a tashar Elphinstone da ke Mumbai a Indiya, ruwan sama ya tara mutane a kan ƙuntatacciyar gada, aka yi turmutsutsu, mutum 23 suka rasu. Ashe ginawa kaɗai ba ta isa ba. Sai an faɗaɗa, an sa fitila, an riƙa gyara, an yi wa guragu hanyar hawa. Kiyaye rai yana cikin larurori biyar da Shari'a ta zo ta kare, kuma shugaba abin tambaya ne gobe ƙiyama.

Iyaye, ku riƙe hannun yaranku ku hau gada da su. Abin da suka ga kuna yi shi za su yi ranar da ba kwa nan.

Allah Ya tsare mu da mummunan ƙarshe. Wallahu a'alam.