Gyara Ko Ɓarna? Magana A Kan Tsohon Ƙwallon Gilashi

Akwai wata gardama da ake yi tsakanin masu tara kayan da a Turai da Amurka, wadda in mutum ya ji ta farat ɗaya sai ya yi dariya, ya ce manya da gemu sun rasa abin yi sai ja-in-ja a kan kayan wasan yara. Abin da ake gardamar a kansa shi ne ɗan mulmulallen ƙwallon gilashin nan, mai kamar girman ɗinya, wanda yara kan harba da babban yatsa a ƙasa don ya bugi na abokin wasa. In irin wannan ƙwallo ya shekara ɗari da wani abu, ya sha bugu har ya dushe ya ɓantare, shin daidai ne a goge shi ya koma ƙyalli kamar jiya aka yi shi? In kuwa ya wuce gyara, daidai ne a huda shi a zura masa zare ya zama dutsen wuya? Na ga ya kamata mu ɗalibai mu dubi maganar, domin duk wanda ya taɓa riƙe abin da ya girme shi a hannu, littafi ne ko takobi ko rigar kaka, tambayar ta shafe shi.

Sai mai karatu ya san yadda aka yi ƙwallon kafin ya gane abin da ake ɓatawa. A lardin Turingiya na ƙasar Jamus akwai wani ɗan gari cikin duwatsu da ake kira Lauscha, inda Hans Greiner da Christoph Müller suka kafa gidan narka gilashi a 1597. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 mutanen garin suka ƙago wani almakashi mai ɗan koko a baki ɗaya, wanda da shi ake yanke narkakken gilashi a mulmula shi. Ma'aikaci yakan jera siraran zaruruwan gilashi, ja da fari da shuɗi da rawaya, ya lulluɓe su da gilashi garai, ya ja su su zama sanda yana murɗawa, sa'an nan ya riƙa ɗumama bakin sandar yana yanko ƙwallo ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa in ka ɗaga shi a rana za ka ga launuka sun nannaɗe a ciki kamar igiya. Wurin da aka yanke kuwa yakan bar ɗan tabo mai kaushi, galibi a kai da gindi. Wannan tabo zan kira shi cibiya, domin aikinsu ɗaya da ta mutum, watau shaida ce ta yadda aka zo duniya.

A 1905 wani mutum mai suna Martin Christensen, a garin Akron na jihar Ohayo ta Amurka, ya sami takardar mallakar wata na'ura mai mulmula ƙwallon gilashi. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, kayan Jamus suka daina isa Amurka kamar da, na inji suka cika kasuwa da araha. Ashe ke nan tsofaffin nan na hannu adadinsu ya riga ya tsaya. Kullum raguwa suke yi.

Gyaran iri uku ne. Akwai mai sa ƙwallon tsakanin kokuna masu juyawa, ya wasa shi da gari mai kaushi, ya bi da mai laushi, har ya ƙare da lallausan garin da masu yin tabarau ke goge gilashi da shi. Akwai mai kai shi bakin wuta don fatarsa ta narke ta rufe tabo, wanda kasada ce, domin tsohon gilashi yana iya tsagewa nan take. Akwai kuma mai cike ramukan da wani ƙaro garai. Hudawa kuwa da mahuji mai garin daimon a baki ake yi, cikin ruwa don kada zafi ya fasa shi, a hankali, daga wannan gefe a tsaya a tsakiya, a juyo ta wancan.

Mai goyon bayan gogewa yana da hujja mai ƙarfi, kada mu raina ta. Cewa yake, wanda ya tsaya gaban wuta a Lauscha yana murɗa launukan nan ya yi ne don a gani. Yanzu dushewa ta rufe aikinsa kamar hazo. In na cire hazon, ai mutumin na yi wa hidima, na mai da masa da abin da ya nufa. Wa zai ce a bar madubi da ƙura don ƙurar ta daɗe?

Amma akwai abin da wannan hujja ta tsallake. Gyaran riga ƙari ne, ana kawo ƙyalle a ɗora. Gogar gilashi kuwa ragi ce tsantsa. Ba a iya cire rami daga jikin ƙwallo sai an cinye dukan fatarsa har zuwa zurfin ramin. Ƙwallon yakan ƙanƙance. 'Yan kumfar iskan da ke kwance ƙarƙashin fata sukan buɗe su zama sababbin ramuka, zaren launi da ke kusa da waje yakan yanke. Cibiyar ma sau da yawa takan tafi. Garin neman gira an rasa ido, domin abin da ke nuna cewa hannu ne ya yi shi, shi aka fara sharewa. Haka nan tabon da aka goge, kowane ɗaya bugu ne da wani yaro ya yi a wata rana, a wani tsakar gida, yaron da ya tsufa ya mutu tun tuni. Wani Bature ɗan Ingila, John Ruskin, ya yi irin wannan magana a 1849 game da tsofaffin gine-gine, inda ya ɗauki abin da magina ke kira maidowa kamar da a matsayin mafi munin rushewa, don ana rushe abu sa'an nan a ba da labarin ƙarya a kansa. Ni dai ina ganin ya ɗan zafafa, gama in an bi tasa sosai ko yaɓen damina sai an yi shawara. Duk da haka ya taɓo gaskiya, tsohon abu yana ɗauke da kyau, yana kuma ɗauke da shaida, kuma mai gyara yakan sayi na farko da na biyu.

To, a nan ne na rabu da yawancin masu tara ƙwallayen. A wurinsu gogewa aibi ce mai rage kuɗi, hudawa kuwa kisa ce, ƙwallon ya fita daga jinsinsa ke nan. Ni kuwa ina ganin, in ana maganar gaskiya da amana, mai hudawa ya fi mai gogewa sauƙin laifi.

Dubi gyartai. In ƙwarya ta fashe ya ɗinke ta, ɗinkin yana nan a fili, ko makaho ya shafa zai ji. Matar da ta saye ta a kasuwa ta san abin da ta saya, ta kuma san kuɗin da ya dace ta biya. Huda kamar ɗinkin gyartai take, ba ta ɓoyuwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Dutsen da aka yi da tsohon ƙwallo yana faɗa da bakinsa cewa da ƙwallo ne, yanzu an sake masa aiki. Gogaggen ƙwallo kuwa, iyakar ƙwarewar mai gyaransa ita ce a kasa gane an taɓa shi. Sana'ar da cikarta shi ne a kasa ganin ta, dole a sa mata ido.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan gefe. A mazhabar Malikiyya ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da ikon mai da kaya in ya tarar da aibin da aka rufe masa. Duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ya wuce ta kan wannan. Sananne ne kuma labarin da Muslim ya ruwaito, na lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. A lura, ba a zargi mutumin don ruwan sama ya taɓa kayansa ba. Inda ya sa jiƙaƙƙen ne abin zargi.

Mai gogewa zai ce, ai ni nakan faɗa, duk wanda na sayar wa sai na gaya masa an goge. Na yarda, kuma da yawansu haka suke yi. Sai dai ƙwallon gilashi ya fi mai shi tsawon rai. Wanda ka gaya wa zai mutu, magada su tarar da gwangwani cike da ƙwallaye, su kai wa dillali, dillali ya sayar wa wani. A hannu na uku maganarka ta ɓace, ƙyallin yana nan yana ba da shaidar zur, alhali babu wanda ya yi niyyar ƙarya cikin dukansu. Wannan ne ya fi damuna, cewa mutum mai gaskiya yana iya ƙera abin da zai yi ta yaudara bayan ransa. Huda kuwa tana bin dutsen duk inda ya shiga.

Kada a ɗauka na ba da izinin a huda kowane ƙwallo. Wanda ya tsage, ko ya ɓantare har masu tarawa suka ƙi shi, in an huda shi an fisshe shi daga kwandon shara an rataya shi a wuyan mutum, inda za a riƙa ganinsa kullum. Wannan alheri ne. Amma lafiyayyen da ya tsallake shekara ɗari da hamsin da cibiyarsa, mai shi ya ce nawa ne, da kuɗina na saya, in na ga dama in huda, to shari'a ba za ta kama shi ba, sai dai hankali zai tuhume shi. Abin da za a iya sake yi, mallakarsa cikakkiya ce. Abin da ba za a iya sakewa ba, akwai rabon waɗanda ba a haifa ba a cikinsa, mai riƙe da shi rabi mai shi ne rabi mai ajiya. Minti kaɗan mahuji ke ɗauka, kuma har abada ba a mai da abin da ya ci.

Wani abin sha'awa shi ne, mai da ƙwallo dutsen ado ba yau aka fara ba, kuma ta nan maganar ta iso gare mu. Cikin tsofaffin duwatsun da Turawa suka shigo da su Afirka wajen ƙarshen ƙarni na 19, tare da na birnin Banis, akwai waɗanda masu tarawa ke kira duwatsun ƙwallon Jamus, masu murɗaɗɗen launi a ciki sak irin na wasan yara, sai dai da huda. Abin da yaro ke harbawa a ƙasa a can, shi mace ke adanawa a nan. Sake wa gilashi rayuwa ma ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Masaga na Bida sun shahara da narka kwalabe su yi ƙarau da duwatsun wuya, Krobo na Gana kuwa daka kwalba suke yi ta zama gari su gasa a cikin 'yan tukwane. Ba wanda ya taɓa cewa sun ci amanar kwalba, domin kwalba ba ta ƙarewa, kuma ba wanda ke sayen ƙarau da zaton kwalba ce.

Tun wajen ƙarshen shekarun 1960, da sha'awar tsofaffin duwatsun ado ta tashi a Amurka, fatake Hausawa na cikin waɗanda suka yi ta tattaro su suna sayar wa baƙi. Wani masani, Christopher Steiner, ya fitar da littafi a 1994 a kan wannan kasuwa ta kayan gargajiya a Abijan, inda ya bayyana har da yadda akan tsufar da sabon sassaƙe don mai saye tsoho yake nema. Ga abin mamaki, can ana wahalar mai da tsoho sabo, nan ana wahalar mai da sabo tsoho, duka don kuɗi na wurin da mai saye ya sa ransa.

Wannan ya tilasta mini in rage wa hujjata ƙarfi kaɗan. Tun da akwai tsofaffin duwatsun ƙwallo na ainihi masu tsada, mutum yana iya huda ƙwallo jiya, ya jera shi a zaren kaba, ya ce daga wuyan wata tsohuwa ya fito. Hudar ba ta ɓoyu ba, amma an yi ƙarya a kan ranar da aka yi ta. Sai dai irin wannan ƙarya sai an buɗe baki an faɗe ta, kuma dutsen kansa yana iya ƙaryata mai faɗa. Bakin sabuwar huda yana da kaifi, cikinta fari ne fat kamar an barbaɗa gari. Wadda ta shekara aru-aru a wuya kuwa zare ya cinye bakinta ya yi sumul, gefen dutsen ya lashe inda yake gugar maƙwabcinsa, dauɗa da man jiki sun shige ciki. Shi ya sa wanda ya san duwatsu, in an miƙa masa, bai cika tsayawa kallon launi ba, sai ya matsa zaren gefe ya leƙa ramin.