An Ajiye Hoto, An Manta Da Mai Hoto

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, ga tambaya: in mutum ya ce yana son mace, kyanta yake so ko ita kanta? Ku saurari wani labari, sa'an nan ku yanke hukunci.

A birnin Landan an yi wata yarinya, Elizabeth Siddal, mai aiki a kantin ɗinkin huluna. Wajen 1849 masu zane suka gan ta, suka riƙa ɗaukarta ta zauna suna zana surarta. Ɗayansu, Millais, ya so ya zana Ophelia, watau budurwar da ruwa ya ci a wasan Shakespeare. Sai ya sa ta kwanta cikin bahon ruwa lokacin hunturu, aka kunna fitilu a ƙarƙashi don ruwan ya yi ɗumi. Ran nan fitilu suka mutu, shi kuwa hankalinsa na kan zane. Ta kwanta ciwo, har sai da ubanta ya tilasta shi biyan kuɗin likita.

Wani mai zanen, Rossetti, ya mai da ita hasken aikinsa. Ya zana fuskarta ba iyaka, amma aure sai gobe sai jibi. Wajen shekara 10 tana jira, sai a 1860 aka ɗaura, lokacin jiki ya riga ya yi rauni. A 1861 ta haifi 'ya ba rai. A 1862 ta rasu tana da shekara 32, bayan ta sha maganin sa barci fiye da kima. Don nuna baƙin ciki, mijin ya sa littafin waƙoƙinsa cikin akwatin gawarta. A 1869 ya sa aka tone kabarin da dare aka ciro littafin, ya buga waƙoƙin a 1870.

To, jama'a, wannan so ne? Wani zai ce ai ta yi suna, ga hotonta a gidan ajiye zane na Tate ana ta kallo. Sunan nan me ya tsinana mata ran da take rawar sanyi? Ita ma ta iya zane, ta iya waƙa, amma yawancin masu kallo fuskar kaɗai suka sani.

Malamai sun yi bayani a kan gargaɗin da ya zo cikin Bukhari da Muslim game da masu surar abu mai rai. Ban da wannan kuma akwai hakki. A Suratun Nur Allah ya fara umurtar maza da runtse ido kafin mata, domin idon da ya saba ƙura wa kyau kallo yakan manta mai kyan tana jin yunwa, tana ciwo, tana tsufa. Aure kuwa ya ɗora wa namiji sadaki, ci da sha, tufafi da magani.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka ce wannan halin Turawa ne kawai. In ka tara hotunan 'yar mutane a waya, kana zuwa zance shekara da shekaru, ba ka turo magabata ba, ka kori masu son ta da gaske, to hanyar Rossetti ka bi. In kana so, ka turo. In ba ka da hali, ka yi azumi kamar yadda Annabi (S.A.W.) ya shiryar da samari, ka sakar mata mara.

Allah ya kiyashe mu da cin amana. Amin.