Jidda Ƙofar Makka Ce, Amma Mikati Ce?

 

Birnin Jidda yana bakin Bahar Maliya, tsakaninsa da Makka bai kai kilomita 80 ba. A shekara ta 26 bayan Hijira Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, ya mai da shi mashigin jiragen ruwa na Makka, maimakon Shu'aiba. Tun daga nan ta wannan ƙofa baƙin Allah da yawa suke shiga, da ta ruwa, daga baya ta sama. A 1981 aka buɗe babban filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, mai rumfunan alhazai masu kama da tantuna.

To, wannan matsayi na Jidda shi ya jawo wata mas'ala wadda take jefa maniyyata da yawa cikin hasara: mutum ya sauko daga jirgi da babbar rigarsa da hularsa, ya yi wanka a filin jirgi, sa'an nan ya ɗaura harami, yana zaton nan ne mikatinsa.

Mikatan da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade su ne Zul-Hulaifa ga mutanen Madina, da Juhfa ga mutanen Sham, da Ƙarnul Manazili ga mutanen Najadu, da Yalamlam ga mutanen Yaman, kuma hukuncinsu ya hau kan duk wanda ya biyo ta kansu da nufin Hajji ko Umra. Ba a ambaci Jidda ba. Da mutanen Iraki suka kai kuka ga Sayyidina Umaru cewa Ƙarnu ta yi musu baya da hanya, sai ya umarce su su duba wurin da ya yi daura da ita a kan hanyarsu, aka tsayar musu da Zatu Irƙin. Daga nan malamai suka ɗauki ƙa'ida: wanda bai bi ta kan mikati ba, ya yi harama inda ya yi daura da shi.

Akwai malaman da suka sauƙaƙa. Shaihu Abdullahi ɗan Zaidu Al Mahmud na ƙasar Katar ya rubuta littafi yana halatta wa fasinjan jirgin sama ya jinkirta har Jidda, Shaihu Mustafa Zarƙa ma haka ya gani. Maganarsu ba ta rasa tushe ba. A cikin mazhabar Maliku, malami Sanadu ya yi rangwame ga mai ƙetaro teku daga gaɓar Aizab, ya ce ya bari sai ya taka ƙasa, domin iska tana iya juyar da jirgin ya daɗe cikin harami. Haka kuma alhazan ƙasar Hausa na da, waɗanda suke ratsa Cadi da Sudan a ƙafa, wasu shekara da shekaru, su hau jirgin ruwa a Suwakin, malamai da yawa sun yarda cewa mai fitowa daga can kai tsaye yana isa Jidda kafin ya yi daura da wani mikati, saboda haka a nan zai yi harama.

Amma mai tsoron iskar teku daban, mai zaune a kujera na 'yan sa'o'i daban. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta yanke cewa wajibi ne a yi harama a mikati ko daura da shi, ta ƙasa aka zo, ko ta ruwa, ko ta sama. Wannan ya fi tsare ibada. Maniyyaci bai san ta inda matuƙi zai karkata da jirgi ba, kuma wanda ya yi harama kafin mikati haramarsa ta inganta, iyaka Malikawa sun karhanta, alhali wanda ya wuce shi hadaya ta hau kansa. In ya koma mikatin kafin ya yi niyya, ta faɗi. In kuwa ya riga ya yi niyya a Jidda, komawa ba ta ɗauke masa yanka. Wanda ba shi da halin yankan sai azumi goma, uku a lokacin Hajji, bakwai bayan ya koma.

Abin yi mai sauƙi ne. Maniyyaci ya yi wankansa tun a gida ko a sansanin alhazai, ya ɗaura gyauton harami kafin ya hau jirgi, ya riƙe mayafin a hannu, kada ya kulle shi cikin babbar jaka. Ɗaura tufafin ba shi ne harama ba, niyya ce harama. Idan ma'aikatan jirgi suka yi shelar kusantar mikati, sai ya tuɓe riga da hula, ya yi niyya, ya fara Talbiyya. In jirgin ba ya shela, ya yi niyya kafin a fara gangarowa, tun ana bisa teku. Mace kuwa tufafinta na sutura sun isa.

Wanda zai fara da ziyarar Madina wannan magana ba ta shafe shi ba, ko da a Jidda ya sauka, domin mikatinsa Zul-Hulaifa ne, wadda ake kira Abyar Ali. Mazaunin Jidda daga gidansa yake harama. Haka wanda fatauci ko aiki ya kawo shi garin ba da nufin ibada ba, in niyyar Umra ta zo masa daga baya, ya yi harama a inda yake.