Ɗan Koyo Da Tsohon Babur: Dogaro Da Kai Ko Karambani?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, wadda nake so in ajiye ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu domin mu tauna ta tare. Tambayar ita ce: shin ya dace mutumin da bai taɓa zama gaban bakanike ba ya ɗauki sifana, ya ce shi zai riƙa gyaran tsohon babur ɗinsa da kansa? Wasu za su ce wannan dogaro da kai ne, abin yabo. Wasu kuwa za su ce karambanin akuya ne, gai da kura. Da yake ni ma ina cikin masu wannan koyo, maganar ta shafe ni ƙwarai.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san matsayin babur a ƙasarmu ta Anka da Gummi da Bukkuyum. Tun daga kuɗin Udoji na 1975, lokacin da malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka sayi su Honda da Yamaha da Suzuki, har zuwan Jincheng daga ƙasar Sin da Bajaj daga Indiya, babur ya karɓe aikin jaki da na doki gaba ɗaya. Shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko buhun gero, shi ke kai mai naƙuda asibiti. Da zarar mutum ya sauka daga kwaltar da ta bi ta Daki Takwas zuwa Gummi ya nufi ƙauyuka, musamman da damina, to babu abin hawan da ya kai shi. Ga kuma halin rashin tsaro, wanda a shekarar 2021 ya kai ga gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana zirga-zirgar babura da dare, aka kuma katse layukan waya. Wanda babur ya mace masa a dawa da la'asar sakaliya, ba gajiyar turi kaɗai ke gabansa ba. Ashe ke nan tambayarmu ba ta masu neman abin ɗebe kewa ba ce.

Hujjata ta farko ga mai koyo ita ce, mallakar abin da ba ka san cikinsa ba rabin mallaka ce. Takardar saye tana hannunka, amma ranar da injin ya yi shiru sai ka koma kamar baƙo a gidanka. Alhali kuwa sirrin ba mai zurfi ba ne kamar yadda muke zato. Abu uku inji yake nema kafin ya tashi, wato mai da iska da wuta, idan kuma ya tsufa sai a ƙara da duba ko fistin yana matsa su yadda ya kamata. Wanda ya riƙe wannan, in babur ya ƙi tashi ba zai tsaya yana ta dukan kik ba. Zai duba ko mai yana sauka cikin kabureta, ya kwance fulogi ya dubi bakinsa. In ya gan shi baƙi ƙirin da kunkunniya, mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe da ƙura. In ya gan shi fari fat, mai ya yi kaɗan, injin yana cin zafi. Wannan tunani ne bi da bi, daga alama zuwa dalili, irin wanda ake koya mana a aji, sai dai shi babur ba ya ba da maki don iya tsara magana. Ko ya tashi, ko bai tashi ba.

Su kansu maƙeran babura sun san halinmu na sakaci. A 1974 ma'aikatan kamfanin Honda na Japan suka zaga wasu ƙasashen Asiya, suka tarar mutane suna lafta wa babur kaya, ba su canza baƙin mai sai ya lalace, ba su zuwa wurin gyara sai injin ya tsaya. Wannan ne ya sa a 1975 suka fito da CG125, mai inji sassauƙa da ke jure wahala. Abin lura a nan shi ne, yawancin abin da ke kashe babur ba ya bukatar gwani: juye baƙin mai a kan lokaci tun injin yana da ɗumi, wanke matatar iska, shafa wa sarƙa mai, da ɗaure notin da ya kwance. Bahaushe ya riga ya faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujja ta biyu ta shafe mu mu 'yan makaranta musamman. Akwai wata cuta da ke kama ɗan boko, wadda ke sa ya ga cewa baƙin mai a farce zubar da girma ne. Ban san inda muka samo wannan ba, domin ba gadonmu ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da ilminsa da mulkinsa, sai da ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen neman abin kai, mai suna Tanbihus Sahib ala Ahkamil Makasib. Ɗalibin da ya tsuguna gaban yaron bakanike yana tambayarsa yadda ake saita sarƙa, ya koyi darasin da ba ya cikin manhaja, wato cewa ilmi ba a jami'a kaɗai ya sauka ba.

To, amma masu suka su ma suna da abin faɗa. Na farko, sun ce in kowa ya zama bakaniken kansa, me masu sana'ar za su ci? Wannan ba ta dame ni sosai ba. A ganina wanda ya taɓa fama da noti mai tsatsa shi ya fi sanin darajar gumin bakanike, shi ne kuma ba zai tsaya yana jayayya a kan ladan aiki ba. Babban aiki, irin su sauke inji da canza ringi, dole dai wurinsu zai koma.

Suka ta biyu ita ce mai nauyi, kuma ita ce zuciyar wannan magana. Babur ba rediyo ba ne, rai yake ɗauka, sau da yawa ma ba ran mai shi kaɗai ba. In ɗan koyo ya yi kuskure a fulogi, iyakarta ya yi turi. In kuwa ya yi kuskure a birki, ko a notin da ke riƙe da ƙafar gaba, wanda zai biya bashin yana iya zama matarsa da ke goye da jariri a baya, ko yaron da ke tsallaka hanya, waɗanda babu wanda ya shawarce su kafin a fara gwaji. Mutum yana da ikon yin kasada da dukiyarsa, amma ba shi da ikon yin koyo da rayukan mutane.

Mu mutanen wannan yanki mun ga yadda haɗarin da ido ba ya gani yake ɓarna. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a ƙasar Anka, da Yargalma a ƙasar Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu. Iyayensu ba ragwaye ba ne, mutane ne masu neman na kansu, suna niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ba tare da an taɓa sanar da su abin da ke cikin ƙurar ba. Hannu ya iya aikin, amma sanin illarsa bai iso ba sai bayan an yi rashi. Ita wannan dalma kuwa tana nan cikin batirin babur na gargajiya tare da ruwan asid, don haka mai fasa tsohon batir a tsakar gida ya san da abin da yake wasa.

Saboda haka ga inda na tsaya. Koyon gyaran babur abu ne mai kyau, har ma ina ganin wajibi ne ga wanda ke zaune nesa da gari. Amma abin da ke raba dogaro da kai da karambani shi ne mutum ya san iyakar saninsa, ya kuma yarda da ita. Duk aikin da in ya ɓaci ni kaɗai zan sha wahalarsa, ina yin sa da hannuna, domin da koyo akan iya. Wanda kuwa in ya ɓaci zai taɓa lafiyar wani, kamar birki da ƙafafu da kan babur, ko dai in yi shi a gaban gwani, ko in kai masa ya duba kafin in ɗauki kowa. Ɗan abin da zan biya shi ladan amana ne.

Ina fata wannan ma'auni ba zai tsaya a kan babur ba. Gobe wasunmu za su riƙe alli, wasu allura, wasu alƙalamin hukunci, kuma kowannenmu zai fara ne a matsayin ɗan koyo da wasu ke zaune a bayansa. Wanda ya saba tun yanzu da faɗin "nan ne iyakata, a kira wanda ya fi ni", shi ne za a iya ba amana a kwana da ido biyu rufe. Ina sauraron ra'ayin masu karatu a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace.