Rubutun Jikin Kwalba: Shin Gani Ya Kori Ji?

Kafin ranar jarrabawar firaktikal ta kemistiri, hukumar WAEC kan aika wa makarantu takardar sirri. A ciki akwai jerin kayan da za a tanadar wa kowane ɗalibi: buret mai cin mililita 50, fifet mai ɗaukar 20 ko 25, kwalaben gwaji, da ruwan sinadari iri biyu da za a manna wa haruffan A da B. Takardar ce ke faɗin ƙarfin kowanne. Ɗalibi ba ya ganin ta. Malamin kemistiri da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, wanda yara ke kira mai kula da lab, su ne za su auna, su narkar, su tsarma, su ɗura a kwalabe.

Ran jarrabawa yaro zai ɗebi ruwan B da fifet, ya ɗiga masa metil orenj ya zama rawaya, sannan ya riƙa sako asid daga buret ɗigo-ɗigo yana kaɗa kwalba. Can sai launi ya juye ya koma ruwan lemo. Ya rufe famfo, ya sunkuya ya duba layi, ya rubuta adadin da ya gani. A zuciyarsa ya gama samun yaƙini, domin da idonsa ya gani, kuma Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A kan wannan tunani aka gina koyar da kimiyya a aikace. Ƙungiyar masana ta Royal Society, wadda aka kafa a Landan a 1660, taken da ta zaɓa wa kanta ma'anarsa kada a dogara da faɗar kowa.

To, me yaron ya gani? Ya ga launi ya sauya, ya ga ruwa ya tsaya a kan wani layi. Shi ke nan. Cewa ruwan A asid ne, cewa ƙarfinsa kaza ne, cewa layin da ke jikin fifet daidai yake da mililita 25, duk faɗa masa aka yi. Ruwan asid da ruwan gishiri da ruwan randa kamanninsu ɗaya ne a cikin gilashi. Lissafin da zai cika takarda da shi ya rataya ne a kan ɗan rubutun da wani ya manna a jikin kwalba.

Malaman tauhidi sun daɗe da tattauna wannan. Najmuddin al-Nasafi, wanda ya rasu a 1142, ya ƙidaya hanyoyin da bawa ke samun sani guda uku: lafiyayyun gaɓoɓin ji da gani, labari na gaskiya, da hankali. Kafinsa Imam al-Ghazali ya nuna yadda ido kan yaudari mai shi: yana kallon inuwa ya ɗauka a tsaye take alhali tafiya take yi, yana kallon tauraro ya ga bai fi dinari ba alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. A ɗakin gwaje-gwajen makaranta hanyoyin nan uku suna aiki tare a cikin minti arba'in, ido ya duba, hankali ya lissafa, labari kuwa ya zo daga hannun mai kula da lab. Idan labarin ya gurɓace, ido da hankali za su yi aikinsu tsaf su kai ɗalibi ga kuskure.

Wannan ne ya sa ma'aikacin ya fi kama da mai ruwaya fiye da mai wankin kwalabe. Masana hadisi, irin su Ibn al-Salah, sun sharɗanta wa mai ruwaya abu biyu: adalci, wato ya zama mutumin kirki da ba ya ƙarya, da kiyayewa, wato ya riƙe abin da ya ji daidai ba ragi ba ƙari. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. An ruwaito cewa Imam Malik ya riski mutane da dama a masallacin Madina waɗanda ko baitulmali aka ba su za su riƙe amana, amma bai karɓi hadisi daga gare su ba, saboda ba fanninsu ba ne.

Kiyayewa a ɗakin gwaje-gwaje tana da nata sirrin. Sodiyam haidroksaid, sodar nan da masu haɗa sabulu suka sani, tana zuƙar danshi da iskar kabon daga sarari tun tana kan sikeli, don haka nauyin da aka karanta ba nata ba ne ita kaɗai. Asid ɗin haidrokulorik mai ƙarfi, wanda ke zuwa da kusan kashi 36 cikin ɗari, hayaƙi yake fitarwa duk lokacin da aka buɗe shi, ƙarfinsa na raguwa. Littafi zai ce a ɗebi kimanin mililita 8.6 a tsarma ya cika lita ɗaya, a sami ƙarfin 0.1. Gwani ya san wannan kintace ne. Sai ya busar da sodiyam kabonet, ya auna giram 5.3 cif, ya narkar ya cika lita, ya gwada asid ɗinsa da shi, sannan ya rubuta ainihin abin da ya samu. Ya san asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Ya san silba naitiret na lalacewa a haske, sai a kwalba mai duhu. Ya san ruwan burtsatse na iya ɗauke da gishirin kulorayid, wanda zai sa gwaji ya nuna abin da babu shi a cikin samfur, don haka sai tataccen ruwa. Da hunturu kuma ƙura kan kwanta a kan sikeli, dole a goge a mayar da shi sifili. Mai tsoron Allah wanda bai san waɗannan ba zai rubuta ƙarya a jikin kwalba ba tare da ya yi niyya ba.

Shi ma ma'aikacin ruwaya yake karɓa. Sikelinsa an daidaita shi ne da wani dutsen awo, dutsen an gwada shi da wani wanda ya fi shi inganci, haka har sama. Daga 1889 zuwa 2019 ƙarshen wannan sarƙa wani ɗan curin ƙarfen filatinam da iridiyam ne da ke ajiye a Sebur kusa da Paris, shi ne kilogiram ɗin duniya. A ranar 20 ga Mayu 2019 aka sauya ma'anar kilogiram aka ɗora ta a kan wani adadi tabbatacce na fiziks, amma sharaɗin masana awo bai sauya ba: kowane ma'auni sai an iya bin salsalarsa ba tare da yankewa ba. Ɗalibin ilimin hadisi zai gane wannan nan take, isnadi ne.

Wani zai ce ai yawan shaidu na kore shakka: idan ɗalibai arba'in suka sami amsa kusan ɗaya, ai gaskiya ta tabbata. Masana hadisi sun san tarkon da ke nan. Hadisin niyya, wanda Bukhari ya buɗe littafinsa da shi, mutane masu yawan gaske ne suka ruwaito shi daga Yahya bin Sa'id al-Ansari, amma daga Yahya zuwa sama mutum ɗaya ne daga mutum ɗaya: Muhammad bin Ibrahim al-Taimi, Alƙama bin Waƙƙas, sai Sayyidina Umar. Ingancinsa ya tsaya ne a kan amincin waɗannan, yawan na ƙasa bai ƙara musu komai ba. Haka ɗalibai arba'in da suka ɗiba daga jarka ɗaya. Daidaituwarsu na nuna sun iya riƙe buret, ba ta cewa komai game da abin da ke cikin jarkar. Hukumar jarrabawa ma ta san haka, shi ya sa ake auna amsar ɗalibi da adadin da malaminsa ya samu da ruwan nan guda.

Sharaɗin adalci kuwa jarrabawarsa ta fi wuya, domin da kyakkyawar fuska take zuwa. Akwai gwajin nan na nuna cewa tsiro na fitar da oksijin a cikin haske: a kifa mazurari a kan ciyawar ruwa, a tara iskar da ke fitowa a kwalbar gwaji, a zura tsinke mai garwashi a baki ya kama da wuta. Sau da yawa iskar ba ta taruwa yadda za ta isa. A 1995 wasu masu bincike biyu a Ingila, Mick Nott da Robin Smith, sun rubuta a kan abin da malamai ke yi idan firaktikal ya ƙi, suka kasa shi uku: a yi wa yara bayanin dalilin ƙin, ko a gyara yanayi tun farko don ya yi, ko a yi rufa-ido. Zuba bekin soda a ruwan don ciyawa ta sami isasshen kabon gyaran yanayi ne, kuma babu laifi a ciki idan an faɗa wa ɗalibai, tunda kowane gwaji shirya shi ake yi. Amma a lallaɓa kafin yara su shigo a ɗura oksijin daga tukunyar gas a cikin kwalbar, wannan rufa-ido ne.

Mai yin haka yana da hujja. Tsiro da gaske yana fitar da oksijin. Lokaci ya ƙure, manhaja na da tsawo, yaro kuma idan ya ga gwaji ya ƙi zai raina darasin. An taɓa jin irin wannan hujja a tarihin Musulunci. Littattafan ilimin hadisi sun ambaci Nuhu bin Abi Maryam, wanda aka ce ya ƙirƙiri hadisai kan falalar surori don ya ga mutane sun juya wa Alƙur'ani baya. Manufarsa a koma ga karatu, karatun kuma alheri ne. Duk da haka malamai suka jefar da ruwayarsa, suka ma ce masu ƙirƙira don neman lada sun fi kowa ɓarna, domin mutane sun yarda da su. Yaron da aka yi wa rufa-ido ya fita da magana ta gaskiya a kansa, amma shaidar da ya dogara da ita ta jabu ce. An kuma koya masa, ba da baki ba, cewa aikin gwaji shi ne a fito da amsar da ke littafi. Irinsa ne gobe zai gyara adadin da ya karanta a buret don ya dace da na maƙwabcinsa, jibi kuma yana iya zama a ɗakin gwajin jini na asibiti.

Akwai inda kwatancin ya tsaya. Mai ruwayar hadisi ya rasu, ba a iya sake zama majalisin da ya ji magana. Ruwan da ke kwalba kuwa yana nan, duk mai shakka zai iya sake auna shi. Wannan ne ƙarfin kimiyya. Sai dai babu mutumin da ya taɓa sake auna dukkan abubuwa da kansa. Robert Boyle, ɗaya daga cikin iyayen Royal Society, famfon zuƙe iskar da ya yi suna da shi mataimakinsa Robert Hooke ne ya ƙera masa a Oksfod. Masanin tarihi Steven Shapin ya nuna a wata maƙala ta 1989 yadda Boyle ya dogara da ma'aikata da dama waɗanda sunayen yawancinsu ba su shiga littattafansa ba.

A Najeriya kwalejojin fasaha na koyar da wannan sana'a har matakin babbar difloma, kuma akwai cibiyar NISLT a Ibadan da ke yi wa masu ita rajista. Amma makarantu da yawa ba su da ƙwararren ma'aikaci, wasu ma ɗakin ba a buɗe shi sai jarrabawa ta matso. A irin wannan ɗaki ne ake samun kwalbar ayon salfet da ta shekara a kan kanta. Littafi ya ce idan aka zuba mata sodiyam haidroksaid za a ga gudaji kore, yara suka zuba suka ga yana ja-ja kamar tsatsa. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai duba kwanan watan da ya rubuta a jikin kwalbar, ya gaya wa malami cewa iska ce ta sauya ƙarfen da ke ciki, ya haɗa sabo a gaban aji, a jera kwalaben biyu a gwada kowace. Minti goma za a rasa daga darasin, yaran kuma za su ga yadda ake gano cewa rubutun jikin kwalba ya daina zama gaskiya, da yadda ake gyara shi.